Keken Yaya a Hanyar Dungu

A shekarar da na kammala jami'a a Damagaram na dawo Matameye da takardar lisans, wato digirina na farko, a cikin jaka, na tarar mutum biyu suka rage a gidanmu: Inna, wato mahaifiyarmu, da matar yayana. Ni na zama na uku. Mahaifinmu ya rasu tun ina koleji. Yayana, wanda shi ne ɗan fari, ya saba tafiya cin rani Ikko kowace shekara da zarar an kai hatsi rumbu, ya dawo da saukar ruwan farko. Sai wata shekara ruwan farko ya sauka bai zo ba. Lambar wayarsa ta daina shiga. Waɗanda suka tafi tare suka dawo da labarai da ba su haɗu da juna ba: wani ya ce ya koma wata unguwa, wani ya ce ya bi wata babbar mota zuwa gabas. Babu wanda ya ce ya mutu, babu kuma wanda ya ce ya gan shi. Damina biyu ta wuce a haka.

Matarsa ƴar Dungu ce, kuma ba su samu haihuwa ba kafin ya tafi. Mahaifinta, wani Alhaji mai lambun rake, ya aiko tun a daminar farko cewa ba zai raba ƴarsa da ɗakinta ba muddin gidan mijinta yana jira. Ranar da muka daina jira, ita ma za ta daina. Inna ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Tare suke daka, tare suke cin abinci a kwano ɗaya, abin da ba a saba gani ba tsakanin suruka da surukarta. Duk wanda ya san gidanmu ya san cewa zaman matar Yaya a ɗakinta shi ne abin da ke riƙe da Inna a tsaye.

Akwai kuma kekensa. A unguwarmu, idan namiji zai tafi cin rani, yakan sace iskar tayoyin kekensa, ya ɗaure shi da igiya, ya rataye shi a jikin azarar zaure. Shi ya rataye, shi kuma zai sauke. Keke a sama yana nufin mai shi yana hanya, ana jiransa. Idan aka ga wani ya sauke shi yana hawa, to mutanen gidan sun cire rai. Ko labari ya zo, ko sun gaji da jiran labari. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba kuma a koya wa kowa shi da baki. Ni ban san shi ba. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni gidan kawuna a Damagaram domin karatu, kuma ba na zuwa gida sai da babban hutu, cikin damina, lokacin da maza duk suna nan, kekuna duk suna ƙasa. Na karanta littattafai da yawa a kan al'adun Hausawa, har na rubuta kundi a kan kalmomin noma, amma ban taɓa ganin garinmu da rani ba tun da na yi wayo.

Abin da na gani ya ba ni tsoro. Garin ya zama na mata da tsofaffi. Fadarmu, wato gindin itacen da samarin unguwa ke zama shan shayi, babu kowa sai benci da murhun da toka ta yi sanyi a cikinsa. Abokan da muka yi wasan ƙasa tare suna Kano, suna Ikko, wasu suna can ƙasar Kurmi. Ni kuwa na zauna jiran sakamakon kwankur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, wadda ba wanda ya san ranar fitarsa. Ina tashi in yi salla, in koma ɗaki in buɗe littafin da na riga na karanta. Idan na fita, tsofaffi su tambaye ni aiki ya fito, in ce tukuna, su ce Allah ya kawo, in ce amin. Bayan wata biyu na daina fita. Bayan wata uku Inna ta fara mayar da kwanon tuwona kamar yadda ta kawo shi.

Matar Yaya ce kaɗai ke tsokanata, domin akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ko da yake ni ban iya ramawa ba. Mushe take kirana, sunan da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko.

"Mushe, yau ma takarda za a ci da rana, ko in zubo tuwo?"

"Ba na jin yunwa."

"To Allah ya ba mu karatun da ke ƙosar da mutum. Da mun huta da daka."

Wata safiya, da sanyi ya fara kankama, Inna ta tafi gidan suna. Ina wucewa ta zaure sai na ɗaga kai na ga keken, na lura sarƙarsa ta yi ja da tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin tayoyinsa. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne ƙarfe na lalacewa a banza. Na mirgino turmi, na kife shi, na hau. Ina kokawa da ƙullin igiyar sai na ji muryarta a bayana.

"Mushe, me kake nema a sama?"

"Keken nan zan sauke. Tsatsa na cinye shi."

Ta yi shiru. Na daɗe ina tuna wannan shirun daga baya. A lokacin na ɗauka tana duba ko turmin zai riƙe ni ne. Sai ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta matso.

"Riƙe ta gaba," in ji ta. "Bayan ya fi nauyi, bar mini shi."

Haka muka sauke shi mu biyu.

Na tura shi zuwa wurin mai faci, wani tsoho da ke zama kusa da tasha tun ina yaro. Ya dubi keken, ya dubi jar robar da ke naɗe a kariyarsa, inda ake ɗora kaya a baya, sannan ya dube ni.

"An samu labari ne?"

"Labarin me, Baba?"

Ya sunkuyar da kai ya matsa tayar da babban yatsa. "Babu komai. Tayar ce ta bushe, sai an sake ta baya."

Da Inna ta dawo, keken na jingine a zaure, an wanke shi, sarƙarsa na ƙyalli da mai. Ina tsaye kusa da shi da tsumma a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi keken, ta ɗaga kai ta dubi igiyar da ke reto ita kaɗai, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci, kuma a ranar gaskiya ne. Ta wuce ciki. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Washegari na fara fita, kuma dole in faɗi gaskiya: waɗannan safiyoyin su ne mafi daɗin da na yi a shekarar. Bayan sallar asuba nakan jira har gari ya yi hasken da zan iya bambanta yashi da ƙasa mai tauri. In sa rigar sanyin gwanjo da na zo da ita daga Damagaram, in ja hula har kan kunnuwa, in zura safa a hannuwa biyu domin ƙarfen birki yana cizo. Da farko jiki ba ya so. Gwiwa ta yi tauri, ido ya kawo ruwa, hanci ya mutu. Ana wuce gidajen ƙarshe, inda tsofaffi ke tsugune suna jin ɗumin wutar kara, warin hayaƙin ya bi mutum ɗan lokaci sannan ya rabu da shi. Daga nan sai gonaki da aka girbe, da itatuwan gawo, waɗanda su kaɗai ke da ɗanyen ganye a wannan lokaci. Can wajen rabin sa'a sai ɗumi ya taso daga ƙirji ya gangara hannuwa, in ji yatsuna sun dawo ɗaya bayan ɗaya. A wannan lokacin ba na tunanin kwankur. Ba na tunanin komai sai numfashina da ƙarar sarƙa.

Abin da ya gagari mutane shi ne ba ni da wurin zuwa. A wurinmu keke na kai mutum gona, ko kasuwa, ko gaisuwa. Mai faci yakan buɗe rumfarsa da wuri, yana ganina kullum.

"Malam mai lisans, ina zuwa?"

"Babu inda za ni, Baba. Shan iska ne."

"A wannan ɗarin?"

"E."

"To, idan ka isa ka gaishe su."

Kwanaki na farko hanyar Kance na bi, domin kwalta ce. Amma manyan motoci na yawan wucewa, kowace ta zo sai ta watsa mini iska mai sanyi ta kore ni gefe. Na gwada wajen Dawce, yashi ya kama tayar sau uku, na dawo da turi. Na faɗa wa matar Yaya haka ina shan kunun da takan ajiye mini a bakin murhu, mai ɗumi, tsamiyarsa daidai.

Ba ta ɗago daga wanke-wanken da take yi ba. Ta ce, "Hanyarmu ta fi."

"Wace?"

"Ta Dungu mana. Ƙasar da tauri, babu mota da safe. Idan ka kai gangaren lambuna za ka ga rake har inda ido ya tsaya. Ko da yake ku masu karatu ba kwa kallon komai sai takarda."

Na bi ta washegari, kuma ba ta yi ƙarya ba. Hanya ce mai laushin tafiya, tana ɗan hawa tana ɗan sauka. Kafin a shiga garin akwai gangare zuwa fadama, inda sanyi ke kwanciya kamar ruwa a kwano. Mutum na shiga ya ji shi a haƙora, ya ga numfashinsa na fita fari. Masu lambu na ban ruwa, ƙafafunsu cikin laka, ana jin bugun injin daga nesa. Ganyen rake jiƙe da raɓa. Daga nan hanya ta hau, rana ta bugi bayan wuya, sai ga gidajen Dungu. Nakan ratsa ta tsakiyar garin, in zagaya ta bayan masallaci, in juyo. Ban tsaya gidan Alhaji ba. Gidan surukan yayana ne, ba a faɗa masa da sassafe hannu wofi, kuma ina jin nauyinsa. Na lura mutane na daina magana idan na wuce, mata a bakin rijiya na bin keken da kallo, amma na ɗauka safar da ke hannuna suke kallo.

A rana ta biyar Alhaji ya tare ni a gangaren lambuna. Dogo ne, ya lulluɓa da bargo, yana tsaye a tsakiyar hanya kamar wanda ya daɗe a wurin. Na sauka da sauri, na cire safar, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi Inna, ya tambayi sanyi, amma idonsa na kan keken. Ya sa hannu ya taɓa jar robar kariya.

"Ni na ba yayanka wannan," ya ce. "Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, na ɗaura masa rake da ita." Ya janye hannunsa cikin bargo. "Wa ya sauke shi?"

"Ni ne, Baba."

"Mahaifiyarka ta gani?"

"Ta gani."

"Ba ta ce komai ba?"

"Ba ta ce ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, mun ji. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya." Ya sa aka saro mini rake biyu, ya ɗaure su da hannunsa a kariyar, da robar nan. Na dawo gida ina jin daɗin karamcinsa.

Bayan kwana biyu baƙi suka zo daga Dungu, ƙanin Alhaji da wata gwaggon matar Yaya. Aka shimfiɗa musu tabarma a rana saboda sanyi. Ina ɗaki, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Bayan doguwar gaisuwa ƙanin Alhaji ya ce an ga saƙo, an kuma gode da aka isar da shi cikin mutunci, ba tare da an sa kowa ya furta abin da ba ya furtuwa ba. Ya ce Alhaji ya cika alkawari, ya jira iyakar jiran gidan nan. Ran Lahadi za a zo a ɗauki yarinya ta koma gida, sauran magana kuma ta malamai ce, za a bi ta yadda addini ya tsara. Na jira in ji Inna ta tambayi wane saƙo. Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," da wata murya da ban san ta da ita ba.

Da suka tafi na fito na ce, "Inna, wane saƙo aka aika?"

Ta dube ni, sannan ta dubi zaure. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ta shigo taya zama, ita ce ta ba ni amsa, ba ta kuwa sassauta ba.

"Kai da aka ce ka ƙare karatu? Ka sauke keken ɗan'uwanka, ka hau, ka ratsa garin surukansa sau biyar, sannan ka tambayi wane saƙo?"

A tsaye ta yi mini bayanin abin da na rubuta a sama, cikin jimla uku. Na tuna tambayar mai faci. Na tuna matan bakin rijiya.

Ni mutum ne da ya yarda cewa kuskuren da aka yi da rashin sani ana gyara shi da bayani. Saboda haka washegari na kama hanyar Dungu da niyyar yin bayani. Safiyar ta fi duk waɗanda suka gabata sanyi. Ruwan buta ya sa hannuna ya yi jajur tun a alwala, kuma a gaggauce na manta safar. Ɗumin nan da na saba jira a ƙirji bai zo ba. Ina tuƙi ina shirya jimlolina, ina sake su, domin ina so kowace kalma ta zauna a wurinta. Da na kai gangaren, yatsuna sun ƙi kama birki, sai da na ja ƙafa a ƙasa.

Na samu Alhaji a bakin lambunsa, zaune gaban ƴar wuta. Ya nuna mini wuri. Bai bar ni na fara ba sai da ya ga na miƙa hannuwa ga wutar sun daina rawa.

Na ce, "Baba, na zo gyara kuskure ne. Babu labarin da ya zo. Babu wanda ya aiko ni. Ban san al'adar ba, domin ban taɓa yin rani a gida ba. Keken na sauke saboda tsatsa, kuma ina hawansa ne don motsa jiki kawai. Gidanmu bai daina jira ba."

"Don motsa jiki," in ji shi.

"E, Baba."

"Daga Matameye har nan, cikin wannan ɗari, babu saye babu sayarwa."

"Haka ne."

Ya ɗan yi murmushi, ya tura wani kara cikin wutar. "Da wani ne ya faɗa, da na ce ya raina mini hankali. Amma kai na yarda. An ce mini kana gyara wa liman Hausa." Murmushin ya tafi. "Ɗana, kai ba ka sani ba, na ji. Mahaifiyarka fa? A garin nan ta tsufa. Ta ga keken a ƙasa, ta kwana ta tashi, ta gan ka ka fita da shi."

Na sunkuyar da kai ina kallon wutar.

Ya ci gaba, "Bar ta ita. Hanyoyi nawa ne suka fita daga Matameye?"

"Suna da dama."

"Wa ya ce ka biyo wannan?"

Na tuna wadda ta ce mini hanyarsu ta fi. Wutar na ƙara, injin ban ruwa na bugawa can ƙasa. Alhaji bai matsa mini ba. Da alama ya riga ya san amsar tun ranar da ya tare ni.

Ya ce, "Shekara biyu, duk zuwan da ta yi gida, ina tambayarta lafiya, ta ce lafiya lau. Ƴata ba za ta dube ni ta ce, Baba, na gaji ba. Ba za ta dubi mahaifiyarka ba ma, wadda ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Idan yanzu na ce ta zauna saboda bayaninka, zan zama na ji maganarta na yi kamar ban ji ba." Ya miƙe, ya gyara bargonsa. "Ka sha kunu kafin ka juya. Fuskarka ta yi toka."

Na dawo a hankali. Rana ta fito sosai, amma ban ji ta ba. Na tarar da matar Yaya a ɗakinta, ƙofa a buɗe, tana jera kwanoninta cikin babban daro, tana sa tsumma tsakaninsu. Na yi sallama na tsaya daga bakin ƙofa, domin ban taɓa shiga ɗakin ba.

"Mushe ya dawo daga aikin gwamnati," ta ce, ba ta juyo ba. "Kununka ya huce."

"Daga wurin Baba nake."

Hannunta ya tsaya a kan wani kwano. "Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Ya tambaye ni wanda ya nuna mini hanyar."

Ta ɗauki kwanon ta goge shi, ko da yake babu abin gogewa a jikinsa. "Ka faɗa masa?"

"Bai buƙaci in faɗa ba." Na jingina da bakin ƙofar. "Me ya sa ba ki gaya mini ba ranar da na hau turmin?"

"Da na gaya maka, da ka sauko ka bar shi."

"Da na bar shi."

"Na sani." Sai a lokacin ta juyo. Idonta a bushe yake, amma ta rame fiye da yadda na lura a duk watannin da muka yi gida ɗaya. "Kullum na fita ɗebo ruwa sai na bi ta ƙarƙashinsa. Fita ɗaya, shiga ɗaya. Ban taɓa roƙon kowa ya sauke shi ba, Allah ne shaida. Amma da na gan ka a sama, ban iya cewa ka bari ba." Ta mayar da kwanon cikin daro. "Ka yafe mini. Na yi aike da kai ba ka sani ba."

Na ce babu komai, domin ita ce kalmar da ake faɗa. Ta ce in kula da Inna, in daina barin tuwo, kuma tsamiyar kunu ba a jiƙa ta tun dare, tana yin yawa. Sannan ta ƙara da cewa hanyar dai ba ta yi mini ƙarya a kanta ba, ko ta yi? Na ce ba ta yi ba.

Ran Lahadi da hantsi aka zo da amalanke. Mata suka fitar da kaya. Inna ta raka ta har zaure, ta riƙe hannunta ta yi mata addu'a doguwa, ba ta tsallaka bakin ƙofa ba. Na bi amalanken a ƙasa har ƙarshen unguwa, sannan na dawo. Tsakar gidan ta yi faɗi. Turmi na nan inda yake, da taɓarya biyu jingine a bango.

Da la'asar na mirgino turmin zuwa zaure, na kife shi, na ɗaga keken. Mutum ɗaya ba ya iya rataye shi; idan na ɗaga gaba sai baya ya zame. Ina cikin wannan Inna ta fito ta tsaya tana kallona.

"Me kake yi?"

"Zan mayar da shi, Inna."

"Sauko."

Na sauko. Na ce, "Kin san abin da mutane za su ɗauka tun ranar farko. Me ya sa ba ki hana ni ba?"

Inna ba ta kiran sunan Yaya, domin ɗan fari ne, ba ta kuma saba yin magana a kansa kai tsaye ba.

"Wancan ban san inda yake ba," ta ce. "Kai kuwa kana gabana, kullum ina mayar da kwanonka. Ranar na shigo na gan ka a tsaye da tsumma a hannu, ka ce ka ci abinci." Ta gyara mayafinta. "Bar shi a ƙasa."

"Igiyar fa?"

Ta ɗaga kai ta dube ta. "Ita bar ta inda take."

Washegari na fita kamar kullum. Mai faci na buɗe rumfarsa. Ya ɗaga mini hannu, bai tambaye ni ina zuwa ba, kuma bai sake tambaya ba har sanyin ya wuce. Na kama hanyar Kance. Motoci suka yi ta wucewa suna kore ni gefe, ina komowa kan kwalta bayan kowace. Ɗumin ya zo a makare, bayan na wuce gawo na ƙarshe da na saba juyawa a wurinsa, sai na ci gaba kaɗan. Ban ƙara bin hanyar Dungu ba a wannan shekarar, ko da yake ita ce mafi kyau.

Da na dawo na jingine keken a ƙarƙashin igiyar na shiga ciki. Inna ta ajiye mini kunu a bakin murhu. Tsamiyar ta yi yawa. Na zauna a kan turmin na shanye shi, ita kuma tana gefe tana tsince wake a faifai, mu biyu, har rana ta iso tsakar gida.